Daga Tiga zuwa Dagona: Sai tsuntsu ya yi kyau sannan za a bar masa ruwa?

A cikin 2008 kamfanin Disney ya fitar da wani fim mai suna The Crimson Wing. Babu jarumi, babu jaruma, babu rawa da waƙa. 'Yan wasan duk tsuntsaye ne, wato filamingo, tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu kamar sillen kara, mai lanƙwasasshen baki, mai launin ja-ja kamar an tsoma shi a ruwan zoɓo an tsamo. An ɗauki fim ɗin a Tafkin Natron da ke arewacin Tanzaniya. Mai karatu, kalmar "natron" ba wata aba ba ce illa kanwa, irin wadda iyayen mu mata ke jefawa a miyar kuka. Tafkin kanwa ne, ruwan sa na cin fata, shi ya sa kura da dila ba su iya ratsa shi. A tsakiyar sa ne ake ƙyanƙyashe kusan kashi 75 cikin 100 na ƙananan filamingon duniya.

A matsayi na na mai sharhin finafinai, abin da ya fi ɗaukar hankali na shi ne yadda daraktocin su ka raba matsayi. Filamingo shi ne jarumi. Borin tinke, wancan mai sanƙon kai da jakar maƙogwaro, shi aka ba bos. Da ya sauko zai ɗauki ɗan tsako sai kiɗa ya sauya, gaban ɗan kallo ya faɗi. Alhali shi ma borin tinke abinci ya fito nema, kamar yadda filamingon ke kifa kai cikin ruwa ya na tace gansakuka. Hasali ma jan launin nan da ake yabo daga gansakukar ya ke samun sa. Ɗan tsakon sa toka-toka ya ke fitowa daga ƙwai. Kyan nasa ma na aro ne.

To amma kyan aron nan ya yi masa rana. A wajejen 2006 kamfanin Tata na Indiya, tare da gwamnatin Tanzaniya, sun shirya kafa masana'antar haƙar kanwa a bakin tafkin. Ƙungiyoyin kare tsuntsaye na ƙasashe daban-daban su ka yi caa, aka riƙa yaɗa hotunan jan tsuntsun a jaridu, a 2008 Tata ya janye. Na yi murna da hakan. Sai dai tambayar da ta tsaya mani a rai ita ce: da a ce borin tinke ne ke ƙyanƙyasa a tafkin, da wa zai buɗe baki?

Tambayar ta shafe mu, domin mu a ƙasar Hausa ba mu da garken filamingo. Abin da mu ke da shi shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Jigawa da Yobe kafin su haɗu su nufi Tafkin Chadi. Masana sun lissafa nau'in tsuntsaye 377 a wurin, kuma a ƙidayar Janairun 1997 an samu tsuntsayen ruwa sama da 300,000. Akwai 'yan gida: dinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela, jinjimi, kwasakwasa. Akwai kuma baƙi, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa da ke gudo wa sanyin Turai da Rasha, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka a ɗaya daga cikin wuraren ruwa na farko da su ke tararwa bayan hamada. Yawancin su launin ƙasa-ƙasa ne. Ba wanda zai sa su a bangon kalanda.

Gwamnati ta keɓe masu wurare. Akwai mafakar tsuntsaye ta Dagona a ƙasar Bade, wadda ta shiga cikin Gandun Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Akwai ta Baturiya a Jigawa. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya zo Dagona takanas, lokacin ya na shugaban asusun kare namun daji na duniya. A 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, Dagona da Baturiya su ka biyo baya a 2008. A takarda dai komai ya yi kyau.

Duk lokacin da wani jami'i ya tashi kare waɗannan wurare, hujjar sa ɗaya ce: yawon buɗe ido. Turawa za su zo da tabaran hangen nesa, za su kama ɗaki a otal, matasa za su samu aikin rakiya, kuɗin waje za su shigo. Ban ce ƙarya ba ne. A Kenya an gina babbar sana'a a kan filamingon Tafkin Nakuru, kuma duk wanda ya kalli fim ɗin Out of Africa na 1985 ba zai manta da wurin nan da ɗan ƙaramin jirgi ke shawagi a kan dubban jajayen tsuntsaye ba. Wannan fitowa kaɗai ta sayar da tikitin jirgi fiye da tallar kowace ma'aikata.

Amma mu mutanen kudancin Kano ba mu buƙatar a ba mu labarin yadda yawon buɗe ido ke zuwa ya wuce. Ni ɗan Kahu ne, cikin ƙasar Kibiya, kuma wanda ya tashi tsakanin Kibiya da Rano ya san abin da Tiga da Bagauda su ke nufi a bakin iyayen mu. Gwamna Audu Baƙo ya gina dam, aka kafa otal-otal a bakin ruwa, manya na zuwa hutun ƙarshen mako. Otal ɗin Bagauda daga baya ya koma reshen Makarantar Koyon Aikin Lauya. Dajin Falgore, wanda aka keɓe don namun daji da masu zuwa kallon su, sai da ɓarayin shanu su ka mai da shi maɓoya, har a 2017 soja su ka mai da shi filin atisaye. Can Yobe kuwa, tun da aka sa dokar ta-ɓaci a 2013, ƙasashen Turai ke gargaɗin mutanen su kada su je. Ko a Nakuru ɗin ma, da ruwan tafkin ya ƙaru a shekarun 2010 ya salamce, gansakuka ta ragu, sai akasarin tsuntsayen su ka yi ƙaura zuwa Tafkin Bogoria. Sannan annobar korona ta zo a 2020, jirage su ka tsaya cak.

Idan darajar tsuntsu ita ce kuɗin ƙofa, ran da ƙofa ta daina kawo kuɗi darajar ta faɗi kenan. Mu a industiri mun san wannan lissafi sarai. Yarinya na tashe, kowane furodusa na neman fuskar ta a fosta. Ran da fim ɗin ta biyu su ka kwanta a kasuwa, ko gaisuwar ta ba a amsawa. Shin irin wannan riƙo mu ke so mu yi wa halittar da ta riga kakannin mu zama a fadama? Kuma akwai wani abu a cikin hujjar da ke sosa mani rai. Ta na koya wa ɗan Bade da ɗan Haɗeja cewa amfanin fadamar sa shi ne baƙo ya zo ya kalla. Shi kuma aikin sa ya kauce daga gaban kyamara. A The Crimson Wing da ƙyar za ka ga ɗan'adam, alhali Masai na kiwo a kewayen tafkin tun kafin a ƙirƙiro sinima.

Nan ne mai adawa zai miƙe, kuma maganar sa ba ta wasa ba ce. Zai ce: Malam, mutane na kwana da yunwa kai ka na zancen agwagwa? Masunci ya jefa koma a Dagona a ce ya karya doka, Bafulatani ya kora shanu a ce ya shiga gandu, duk don tsuntsun da ko sallama ba ya yi idan zai koma Turai? Zai ƙara da cewa ai ba kowane tsuntsu ne abin tausayi ba. Jan baki fa? Ya sauko kamar hadari a kan gonar gero ko shinkafa, kafin la'asar ya mai da manomi mabaraci. Gwamnati da kan ta ke hayar jirgi ta yi masa feshi. To wane ne ya ce wannan a kashe, wancan a yi masa gandu? Ba son zuciyar mai ƙoshi ba ne?

Wallahi ba ni da amsar da za ta rufe bakin sa gaba ɗaya. Idan da gaske zaɓin shi ne ko yaro ya ci tuwo ko agwagwa ta yi iyo, ni ina bayan yaron, kuma ba na jin kunyar faɗa. Dokar gandu da ta hana talaka abin da kakan sa ke ci, ba tare da an zauna da shi ba, ba tare da an ba shi madadi ba, zalunci ce ko da an rubuta ta da kyakkyawan Turanci.

Sai dai da na bi tarihin wurin, sai na ga abin da ya fi yi wa tsuntsayen nan illa ya fi ƙarfin komar masunci. Ruwa ne. Kuma ruwan daga ƙofar gidan mu ya ke tashi.

An gina dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974 a kan Kogin Kano, an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1992 aka kammala na Challawa a wajen Ƙaraye. Waɗannan biyu su ke riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Ruwan da ke kwance kusa da Rano, shi ne zai gangara ya haɗu da Challawa, ya wuce Wudil, ya wuce Ringim, ya isa Haɗeja, ya bazu a fadamun Nguru da Gashuwa. Kafin dam, kogin na da numfashi: da damina ya cika ya malale, ya shimfiɗa ruwa a kan fili fiye da murabba'in kilomita 2,000, da rani ya janye. Kifi ya hayayyafa a malalen, manomi ya shuka shinkafa, in ruwa ya ja baya ya bi danshi da wake da dawa, makiyayi ya samu ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, rijiyoyi su cika. Bayan dam, tare da farin shekarun 1970 da 1980, akwai shekarun da malalen bai kai murabba'in kilomita 1,000 ba.

Abin bai tsaya ga ƙarancin ruwa ba, har da lokacin zuwan sa. Dam na tare ruwan damina, ya riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da famfunan birni. Kogin da ya saba bushewa sai ya daina bushewa. Wannan ɗan ruwa mai kwanciya shi ne abin da ciyawar kacalla ke so. Ta cika magudanai, ta tare laka, ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi. Sai ka ga wani gari ruwa ya ci gonakin sa ya ƙi janyewa, wani garin kuma a gaba kogin sa ya zama yashi. Kwalekwale ba ya ratsa kacalla, koma ba ta shiga. Agwagwar da ke son buɗaɗɗen ruwa ba ta da wurin sauka. Ka san wanda ya samu gidan kwana a cikin ta? Jan baki. Wato abin da ya kori tsuntsun da ake so a kare, shi ne ya yi wa tsuntsun da ke cinye gero masauki. Masunci da manomi da kirinjijiya duk rana ɗaya su ka yi asara.

Ana ƙiyasin mutum miliyan 1.5 ne ke ci daga wannan dausayi. A 1998 wasu masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, sun buga binciken da ya auna abin da ruwa ke samarwa idan an bar shi ya malala a fadamar, da abin da ya ke samarwa a manyan ayyukan ban-ruwa na sama. Su ka samu cewa ribar da aka ci a sama ba ta kai ta cike asarar da aka jawo a ƙasa ba. Lissafin nasu na noma ne da su da itace. Ba su ma sa kuɗin ɗan yawon buɗe ido ko ɗaya ba.

Saboda haka tambayar da na fara da ita ta sauya kama. Ana ce mana rigimar tsakanin mutum da tsuntsu ce. Ni abin da na gani, tsakanin na bakin ruwa da na ƙarshen ruwa ce, kuma tsuntsu na zaune ne a layin na ƙarshe tare da Bade da Mangawa da Haɗejawa. Mu ne na bakin ruwa. Mene ne hakkin su a kan mu?

Wannan ba sabuwar tambaya ba ce a wurin malaman mu. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yanke game da wasu magudanan ruwa na Madina: mai gonar sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sake wa na ƙasa da shi. Dubi hikimar. An yarda na sama ya fara sha, ba a ce ya haƙura ba. Amma an sa masa ma'auni, kuma ma'aunin buƙatar sa ce, ba ƙarfin sa ba. Kasancewar ka a sama sa'a ce ta wurin zama, ba ta mai da kogin naka. Game da dabba kuwa, ko yaron Islamiyya ya san labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba a ce karen kyakkyawa ba ne, ba a kuma ce wani ya biya kuɗin kallo ba. Ƙishirwar ce hujjar sa. Ita ce kuma hujjar ɗan tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita ya sauka a Baturiya cikin hunturu.

Na san abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu 'yan'uwa na daɗi ba. Tiga ta yi wa Kano alheri mai yawa. Tumatirin Kadawa, shinkafar Kura, alkamar Bunkure da Garun Malam, ruwan da matatar Tamburawa ke tura wa birni, duk albarkar ta ce. Samarin ƙauyukan mu da dama can su ke zuwa ƙwadago da rani maimakon su tafi ci-rani Legas. An kuma tashi ƙauyuka kafin a tara ruwan nan, mutanen yankin mu sun biya nasu farashin. Ba wanda ke da hankali da zai ce a fasa dam. Abin da masana su ka daɗe su na nema tun zamanin shirin kare dausayin da aka fara a 1987 shi ne a sarrafa ƙofofin dam ɗin yadda za su kwaikwayi numfashin kogi: a saki ruwa mai yawa a kan lokaci cikin damina, da sanarwa, a kuma rage na rani a wasu magudanai don kacalla ta bushe a samu yanke ta. Wannan na nufin wani a sama zai rage wani abu. Wataƙila a daina faɗaɗa filin ban-ruwa yadda aka ga dama, wataƙila a gyara magudanan da ke zubar da ruwa a banza, wataƙila manomin shinkafa ya koyi ƙirga ruwa kamar yadda ya ke ƙirga taki. Idon sawu kenan.

An taɓa gwada irin haka a wani wuri, kuma a can akwai filamingon ma. A bakin Kogin Senegal, dam ɗin Diama da aka gama a 1986 ya busar da fadamun ɓangaren Muritaniya, ƙasa ta yi gishiri, mutane su ka watse. A 1991 aka kafa gandun Diawling, daga 1994 aka fara sako ruwa ta ƙofofi a kan tsari. Abin da ya burge ni, masunta da matan da ke saƙar tabarma da ciyawar fadama aka tambaya yaushe ya kamata ruwa ya zo, ya kai ina, ya janye yaushe. Kifi ya dawo, ciyawar tabarma ta dawo, kwasakwasa da filamingo su ka dawo a bayan su. Baƙi masu kyamara su ne na ƙarshen zuwa, kuma ko da ba su zo ba aikin ya riga ya biya kan sa. Mu ma nan a 2006 gwamnonin jihohi shida da kogin ya shafa, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, sun amince da kafa asusu na musamman don kula da shi. Yarjejeniya kam ba mu rasa ba.

Bari in ɗan juyo kan mu 'yan fim. Sau nawa aka kwashi 'yan wasa a bas aka tafi Tiga ɗaukar waƙa? Jarumi a kan dutse, jaruma a bakin ruwa, a canza kaya sau biyar. Ruwan nan ya fito a finafinan mu ba adadi, amma kullum a matsayin labule. Ban taɓa ganin daraktan da ya tambayi inda ruwan ya nufa ba. Indiyawan da mu ke kwaikwayo kuwa sun yi fim ɗin 2.0 a 2018, inda Akshay Kumar ya fito a masanin tsuntsaye da baƙin cikin mutuwar su ya mai da shi abin tsoro, kuma a gefen birnin Mumbai, cibiyar finafinan nasu, sun keɓe wa filamingo mafaka a mashigar Thane tun 2015. Ga labari a ƙofar mu wanda ba sai an sato daga kowa ba: ɗan manomin rani daga Kura ya auri 'yar masunci daga Nguru, uban sa na roƙon a ƙara ruwa a watan Janairu, uban ta na roƙon a ɗauke shi. Kowanen su na da gaskiya, kowanen su na da iyali. Marubutan mu da su ka ƙware wajen rikicin kishiya da uwar miji, ga rikicin surukai da ba a taɓa rubutawa ba.

A irin wannan fim ba a buƙatar jan tsuntsu. Gauraka ta isa. Dattawan Rano da Kibiya na ba da labarin yadda a da ake jin kukan ta a fadamu, da tukkun nan nata mai kama da zinare. Ita ce ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, amma yau samun ta a daji ya yi wuya ƙwarai. Bushewar fadamu ta rage ta, masu kamawa su sayar su ka ƙarasa. Kyau kam ta na da shi, har ya yi mata yawa. Shi ya sa inda za ka fi saurin ganin ta shi ne farfajiyar gidan wani mai kuɗi a Kano, an yanke mata fiffike, ta na zagaya motoci.